Kafin ka bari a fesa wa rufinka soso

Duk wanda ya taɓa yin bazara a ƙarƙashin rufin kwano a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai ba ya buƙatar a yi masa bayanin zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40 a inuwa, shi kuwa kwanon da rana ke duka kai tsaye yana iya kai wa 70. Wannan zafin ne ke sauka cikin silin, ya ratso ɗaki, ya kama bango da shimfiɗa, ya ƙi tafiya har bayan isha'i. Fanka sai dai ta yi ta juya shi. Iyakwandishan kuma ya yi ta aiki ba hutawa, yana cinye wuta ko man janareto ko batirin sola.

Shi ya sa masu gini suka fara tambaya game da soson feshi, wato sinadarin nan da ake fesawa a cikin rufi yana ruwa-ruwa, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya kumbura ya daskare ya tare zafi. A Amurka da Kanada an daɗe ana amfani da shi a gidajen zama. A nan wajenmu an fi saninsa a ɗakunan sanyi na masu kifi da nama, da kwantenonin da ake mayarwa ofis, da gidajen kaji, sai yanzu ya fara shigowa gidaje. Abu ne mai aiki ƙwarai, ba na musun wannan. Amma yana da wani hali guda da ya sa nake son mai gida ya yi tunani mai zurfi kafin ya ba da kafin alƙalami: idan ya kama wuri, ya kama ke nan. Fenti idan bai yi ba a sake, silin idan ya lalace a ɓalle, amma soson feshi sai an kankare shi da hannu, taki bayan taki, wani lokaci har da kwanon da ya manne wa. Saboda haka zaɓen nau'in da ya dace da wurin shi ne rabin aikin.

Asalin sinadarin ana kiransa foliyuretan, kuma Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka samar da shi a Jamus a 1937. Ba baƙo ba ne a gidajenmu, don shi ne cike a jikin firji da kular ƙanƙara. Wanda ake fesawa yana zuwa ne cikin duro biyu. Na farko yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, na biyu kuma wani ruwan danƙo ne da aka gauraya da abin da ke sa shi kumbura. Inji yana ɗumama su, ya turo su ta tiyo daban-daban, ba sa haɗuwa sai a bakin bindigar feshi, kashi ɗaya na wannan da kashi ɗaya na wancan. Ka riƙe wannan, domin ma'anarsa ita ce ba a masana'anta ake ƙera soson ba. A cikin rufinka ake ƙera shi, a hannun mutumin da ke riƙe da bindigar.

Nau'i biyu ne manya. Akwai mai laushi, wanda masu sana'ar ke kira ofun-sel. Ƙananan ramukan da ke jikinsa a buɗe suke, wannan na shiga wancan, don haka idan ka danna shi da yatsa sai ya lotsa kamar soson katifa. Yana kumbura kusan ninki 100, ba shi da nauyi, kilo 8 zuwa 10 ne kacal a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. Yana tare iska, yana shanye ƙara sosai, kuma ya fi araha saboda sinadari kaɗan ke cika wuri mai yawa. Rauninsa ruwa ne: danshi yana ratsa shi, idan kuma ruwa ya ɗigo masa sai ya sha ya riƙe.

Na biyu shi ne mai tauri, kulos-sel a bakin masu aikin. Ramukansa a rufe suke ruf, kowane da iskar gas a ɗaure a ciki, kuma wannan gas ɗin ne ke ba shi ƙarfin tare zafi. Kumburinsa bai wuce ninki 30 zuwa 40 ba, nauyinsa kilo 30 zuwa 40 a wancan ma'aunin, idan ya bushe ka ƙwanƙwasa shi za ka ji shi ƙam. Ba ya shan ruwa, kuma idan kaurinsa ya kai wajen santimita 5 yana hana danshi wucewa. A ma'aunin da Amurkawa ke rubutawa a jikin duro, wanda suke yi wa alama da harafin R, kowane inci na mai laushi yana ba da kimanin 3.5, na mai tauri kuwa 6 zuwa 7. A taƙaice, aikin da santimita 5 na mai tauri zai yi, sai an zuba kusan santimita 9 na mai laushi.

To wanne za ka ɗauka? Kar ka fara da tambayar farashi. Fara da tambayoyi biyu: a jikin me za a fesa shi, kuma ruwa yana iya kai wa wurin?

Idan kai tsaye za a fesa a bayan kwano, ko a jikin kwantena, ko shago da sito da gidan kaji da ba su da silin, mai tauri ne kaɗai nake ba da shawara. Ƙarfe yana zufa. Da asubar sanyi ko bayan ruwan damina, kwano kan yi sanyi fiye da iskar da ke ƙarƙashinsa, raɓa ta taru a cikinsa har ta ɗigo. Mai tauri yana manne wa ƙarfen ya hana danshin isa gare shi. Mai laushi kuwa zai bar danshin ya ratsa ya taru a jikin kwanon, ya jiƙe, tsatsa ta fara aikinta a inda ido ba ya gani. Wani mai aikin zai nuna maka bidiyo a waya, ya ce ai ga shi a Amurka mai laushi suke fesawa a ƙarƙashin rufi. Gaskiya ne, a jihohinsu na kudu masu zafi ana yin haka. Sai dai rufinsu allon katako ne aka shimfiɗa, aka sa masa rigar hana ruwa, sannan aka jera abin rufi a kai. Namu kwano ne tsirara a kan katako ko ƙarfe, da ƙusoshi ɗaruruwa, kowace ƙusa kuma ƙofar yoyo ce idan robarta ta ƙone.

Mai laushi yana da wurinsa, kuma a wurin ya fi ɗan'uwansa. Bangon allo da ke raba ɗakuna a ofis ko asibiti ko otal, ɗakin ɗaukar murya, ɗakin karatu da ke kusa da titi, duk inda matsalar ƙara ce ba ruwa ba, shi ne gwani. Zuba mai tauri a irin wannan wuri ɓarnar kuɗi ce, don taurinsa bai iya shanye sauti kamar mai laushi ba.

Akwai na uku da ba a cika ambata ba, na saman rufi. Wannan dangin mai tauri ne amma ya fi shi nauyi, wajen kilo 40 zuwa 50, kuma ana fesa shi ne a waje, a saman rufin kankare ko tsohon kwano, ya tare zafi ya kuma toshe yoyo. Yana da sharaɗi ɗaya da ba a sassautawa: dole a shafe shi da farin fenti na musamman mai kauri, na silikon ko akirilik, nan da nan bayan feshi. Hasken rana yana cin foliyuretan. Cikin kwanaki zai koma ruwan ɗorawa, daga nan ya yi ja, ya fara zuba kamar gari. Fentin ma ba na har abada ba ne, ana sabunta shi bayan shekara goma zuwa goma sha biyar. Wanda ya san ba zai iya wannan ɗawainiyar ba, kar ya fara. Su kuwa gwangwanayen soso da ake sayarwa a shagunan kayan gini, na toshe kafar taga da ƙofa da ramin bututun iyakwandishan ne kawai. Ba a rufe gida da su. Idan a gefen taga za ka sa, nemi wanda aka rubuta ba ya kumbura da yawa, don mai ƙarfin yana iya lanƙwasa firam ɗin alminiyam.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya fi damuna, wato rufin katako. Yawancin gidajenmu katako kafinta ke haɗawa kafin a buga kwano, kuma mun san abokan gabansa biyu: ruwa da gara. Yau idan rufinka ya fara yoyo, tabon da ke fitowa a silin ne ke ba ka labari, ka kira kafinta ya hau ya gyara. Idan an lulluɓe kwano da katakon da soso mai tauri, ruwan da ya shigo ta ramin ƙusa ba shi da hanyar fita. Zai kwanta tsakanin kwano da soso, ya bi katakon yana jiƙa shi damina bayan damina, kai kuma kana ƙasa kana jin daɗin sanyi. Gara ba ta cin soso a matsayin abinci, amma tana huda shi ta yi hanya a ciki, ta isa katakon ba tare da ka ga jan ginin da ta saba yi a fili ba.

Wannan ba hasashe ba ne. A Birtaniya dubban mutane sun biya an fesa musu soso a cikin rufin gidajensu, wasu ma da tallafin gwamnati a ƙarƙashin wani shiri da aka yi a 2020 da 2021. Da suka zo sayar da gidajen ko neman rance a kansu, wasu bankuna suka ƙi, saboda masu duba gini sun ce ba za su iya ganin lafiyar katakon da aka binne ba. Da yawa sai da suka sake biyan wasu kuɗin aka kankare. Darasin da ya shafe mu a nan shi ne: kafin feshi, a hau rufin a duba shi ƙusa bayan ƙusa, a canja duk kwanon da ya fara ci, a shafa wa katako maganin gara, a tabbatar ya bushe sarai. Ɗanyen katako da aka sayo jiya daga 'yan katako ba a rufe shi da soso. Sannan a bar tsiri a buɗe a inda katakon rufi ya hau kan bango, yadda mai dubawa zai haska tocila ya gani. Rufin da aka haɗa da ƙarfe ya fi dacewa da wannan aiki nesa ba kusa ba.

Wata tambayar da ya kamata mai gidan da ke da silin ya yi wa kansa ita ce, shin ma dole sai a jikin kwanon? Rufin yayi na yanzu dogo ne, mai tsini. Idan gangarensa ya kai digiri 45, faɗin kwanon ya ɗara faɗin silin da kusan kashi 40 cikin 100, kuma da murabba'in mita ake maka lissafi. Ana iya tare zafin a kan silin ɗin kansa, ta hanyar shimfiɗa audugar gilashi ko audugar dutse, a bar kafofin iska na rufin a buɗe zafi ya riƙa fita. Wannan ya fi araha, kuma ranar da ake son gyara waya sai a ɗaga a mayar. Farin fenti a saman kwano da takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashinsa su ma suna rage zafi da kuɗi kaɗan. Abin da ba a yi shi ne haɗa rabi da rabi: a fesa soso a jikin kwano sannan a bar kafofin iska a buɗe. Iskar waje mai zafi za ta shigo ta ƙarƙashin soson ta zauna a kan silin, ka biya kuɗi ba ka sayi komai ba. In a kwano za a fesa, a toshe kafofin. In a kan silin za a tare, a bar su. Magina na dā da suka yi soro da tubali da azara sun magance zafi da kaurin ƙasa, mu da muka zaɓi kwano da bulo sai mu biya da lissafi.

Sai maganar wuta, wadda ba na so kowa ya ɗauke ta da wasa. Duk nau'in da ka zaɓa, soson feshi yana ci da wuta, ko da an ce maka an sa masa maganin hana kamawa. Maganin yana jinkirtawa ne kawai. Idan ya kama, hayaƙinsa baƙi ne mai kauri, ɗauke da iskar kabon monoksaid da sayanaid, waɗanda ke kayar da mutum tun harshen wutar bai iso ba. A watan Nuwamban 2010, tartsatsin walda ya tayar da gobara a wani bene mai hawa 28 da ake yi wa gyara a birnin Shanghai na ƙasar Sin, soson foliyuretan da ake sa wa ginin ya taimaka mata, mutum 58 suka rasu. Don haka duk aikin walda a gama shi kafin feshi, kuma bayan feshi kar mai walda ya kusanci wurin, ko da tankin ruwa ko ƙarfen sola za a ɗaura. A Amurka doka ta wajabta a raba soson da ɗakin da mutane ke zaune da allon jifsam mai kaurin rabin inci, wanda zai riƙe wuta na minti 15 mutane su samu su fice. Silin roba ba ya wannan aikin, narkewa yake yi. Wayoyin lantarki kuma a sa su cikin bututu, kar a binne su tsirara, don wayar da aka lulluɓe ba ta iya fitar da zafinta, ga shi kuma mun san yadda wutarmu ke zuwa da ƙarfi ba sallama.

Ranar aikin, a kwashe kowa daga gidan. Aisosayanet yana haddasa asma, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ko kaɗan ya shaƙa daga baya sai ƙirji ya riƙe. Mai feshin kirki za ka gan shi rufe tun daga kai har ƙafa, da abin numfashi mai rufe fuska duka. Idan ka ga ya ɗaura hankici a hanci, wanda bai tausaya wa huhunsa ba ba zai tausaya wa na 'ya'yanka ba. Yawancin kamfanonin da ke haɗa sinadarin suna cewa a jira aƙalla awa 24 kafin a koma, tagogi a buɗe. Inda akwai jariri, mai juna biyu, tsoho ko mai asma, ni ina ganin a ƙara kwana biyu a kai. Bayan an dawo ma a tuna cewa gidan da aka toshe kafofinsa ba ya numfashi kamar dā. Gawayi a ɗaki lokacin sanyi, ko janareto a baranda kusa da taga, haɗarinsu ya ƙaru.

Ingancin aikin kansa yana da alamomi da ko wanda bai taɓa gani ba zai iya lura da su. Wurin da za a fesa ya zama busasshe, ba ƙura, ba maiƙo. Sabon kwano yakan zo da ɗan mai a jikinsa, ƙurar hunturu kuma tana kwanciya a ko'ina, duka biyun suna hana soso kamawa, bayan watanni ka ga ya saki yana reto. Mai tauri ba a zuba shi da kauri a tashi ɗaya. Yana fitar da zafi yayin da yake kumbura, don haka ƙa'idar da aka saba ita ce kar shafi ɗaya ya wuce santimita 5, a jira ya huce kafin a ƙara. Mai gaggawar da ya tula shi yana iya ƙona cikinsa, har wuta kan tashi. Idan kuma injin bai daidaita duro biyun ba, soson zai fito ko dai yana danƙo, ko yana ɓarɓashi, da wani ƙarni mai kama da na kifi wanda ba ya barin gida. Irin wannan ba shi da gyara sai cirewa.

Ga hanyar da za ka kare kanka daga algus. Kafin a taɓa rufinka, ka sa a fesa gwaji a cikin kwali. Idan ya bushe, yanko gunduwa mai santimita 10 ta kowane ɓangare ka ɗora a ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinari. Mai tauri na gaskiya zai ba ka giram 30 zuwa 40, mai laushi wajen giram 10. Jefa gunduwar a bokitin ruwa ka danna, ka ciro ka matse: mai laushi zai zubo da ruwa, mai tauri zai fito kusan yadda ya shiga. Da wannan awon za ka iya lissafa sinadarin da aikinka zai ci. Santimita 5 na mai tauri yana cin kusan kilo 1.75 a kowane murabba'in mita, ke nan rufi mai murabba'in mita 150 yana buƙatar sama da kilo 260, ban da wanda iska za ta kwashe. Wanda ya zo da abin da bai kai haka ba ya ce zai ba ka santimita 5, ka san inda za a rage. Duba takardar jikin duro ka ga sunan kamfani da ranar ƙarewar aiki, don sinadarin yana lalacewa idan ya daɗe, musamman a rana. Ka tambayi kuma irin gas ɗin da ke kumbura shi. Tsohon samfuri na HFC yana ɗumama duniya kusan ninki 1,000 fiye da hayaƙin kabon, shi ya sa ƙasashe suka amince a Kigali a 2016 a rage shi sannu a hankali. Sabon samfuri na HFO ba shi da wannan illar, in ana samunsa shi za ka nema.

A rubuta jinga a takarda: nau'in soso, nauyinsa, kaurinsa da santimita, faɗin wurin, da wanda zai ɗauki nauyin cirewa idan ya yi wari ko ya saki. Araha ba ta ado a wannan aiki, don wanda ya fi kowa sauƙin farashi yawanci a kauri yake fanshewa. Idan an gama, ka hau da kanka ko ka tura wanda ka amince da shi, da siririyar waya da aka yi wa alama a santimita 5, a soka a wurare daban-daban, musamman kusurwoyi da can ƙarshen rufi inda mai feshi ba ya son rarrafawa. Kar ka biya cikon kuɗin sai an yi wannan awon a gabanka, kuma duk mai aikin da ya ƙi yarda da shi tun farko, ka sallame shi ka nemi wani.